Waƙa Ake Sayarwa Ko Jikin Mace?

Ya kai mai karatu, manomi ko makiyayi, uwar gida ko ɗan kasuwa, ga wata tambaya da ya kamata mu zauna mu auna ta tare. A yau babu ƙauyen da salula ba ta shiga ba, daga Dakoro zuwa Kornaka, daga Birnin Lalle zuwa Sabon Mashi. A cikin salular nan akwai waƙoƙi masu hoto, waɗanda samari ke kira kilip. A wasu daga cikinsu za ka ga namiji yana waƙa, ya sa riga da wando da takalma, har da tabarau. Mata kuwa sun kewaye shi suna rawa, tufafin jikinsu bai kai na ɗan kokowa ba. Me ya sa aka yi hoton haka? In kuma akwai laifi, laifin wane ne?

Mutane da yawa suna da amsa a bakinsu. Wani ya ce lalacewar zamani ce. Wani ya ce matan ne ba su da kunya. Wani ya ce aikin Turawa ne. Amsoshin nan suna da sauƙin faɗi, amma babu wadda ta nuna mana inda kuɗi ke shiga. Maganar nan kuwa maganar kasuwa ce. Duk wanda ya taɓa kai akuya kasuwa zai gane ta, ko da jiya ya fara haɗa baƙi.

Yadda waƙa ta koma abin kallo

A zamanin iyayenmu, waƙa abin kunne ce. Mamman Shata, Ɗan Maraya Jos, Barmani Coge, Ɗan Gurmu na Tawa, duk da murya da azanci suka ci kasuwa. Mutum yana iya shekara ashirin yana jin Shata a rediyo, ya hardace waƙoƙinsa, bai taɓa ganin fuskarsa ba. In waƙa ba ta da daɗi, babu abin da zai cece ta. Ta mutu ke nan.

A shekarar 1981 aka buɗe wani gidan tele a Amurka mai suna MTV. Aikinsa a lokacin shi ne nuna waƙoƙi masu hoto, dare da rana. Daga nan masu sayar da waƙa suka gane cewa ido ya fi kunne saurin kamuwa. Kunne yana bukatar lokaci kafin ya so waƙa. Ido kuwa nan take yake tsayawa a kan abin da ya ja shi.

A ƙasar Hausa, fim ɗin kaset ya fara ne a Kano a 1990, da wani fim mai suna Turmin Danya. Ba a jima ba waƙa da rawa suka zama gishirin fim, har mu nan Nijar muka sa wa fina-finan suna dandalin soyayya. A 2005 aka buɗe YouTube, wato wata babbar rumfar hotuna a intanet. Daga baya TikTok ya zo. Yanzu waƙar da aka yi a Kano ko Legas da safe tana iya kwana a salular wani yaro a Tarka.

Ina kuɗin yake fitowa?

Za ka ce: ni ban biya mawaƙi ko dala ba, kallo kawai na yi. To, saurara ka ji yadda cinikin yake.

Kamfanoni masu sayar da sabulu ko lemo ko waya suna son mutane su ga tallarsu. Sai su biya YouTube ya liƙa tallar a gaban hoton da jama'a ke kallo. A hotuna masu tsawo, YouTube yana ba mai hoton kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar, ya riƙe 45. Wato in kuɗin talla ya kama jika guda, mai hoton ya ɗauki dala 110, kamfani ya riƙe dala 90. Iya yawan masu kallo, iya yawan kuɗin.

Akwai kuma inji da ke ƙirga kallo. Injin nan bai san kyau ba, bai san muni ba. Abin da ya sani kawai shi ne: wannan hoton mutane sun tsaya a kansa, wancan sun wuce. Wanda aka tsaya a kansa, sai ya ƙara tura shi ga wasu dubbai. Wanda aka wuce, sai ya binne shi. Ko don sha'awa ka tsaya, ko don takaici, ko don ka samu abin zagi, injin ɗaya ya rubuta: an kalla.

Su kansu kamfanonin suna da doka. Tsiraici ƙarara suna cire shi, ko su hana shi kuɗin talla. Shi ya sa masu yin hoton suke zuwa daidai bakin iyaka su tsaya, kamar makiyayin da ke kiwo a gefen gonar wani. Bai shiga ba, amma dabbobinsa suna miƙa wuya.

Bayan kuɗin talla akwai suna. Mawaƙin da aka kalli hotonsa sau miliyan, shi ake gayyata wasa, shi ake biya da tsada. Kai kuma ka biya ta hanya biyu: kuɗin intanet ko kuɗin mai tura waƙa a kati, da lokacinka. Ashe kallo ma biya ne.

Ka san dabarar wasu dillalai marasa tsoron Allah. Kafin a kai sa kasuwa sai a ba shi kanwa ko gishiri, ya sha ruwa ya cika ciki, mai saye ya ga kamar ƙiba ce. Waƙar da ba ta da murya, ba ta da azanci, ita ma haka ake yi mata. Jikin mace shi ne ruwan da ake ɗura mata don ta yi nauyi a ido.

Buɗe jiki daban, talla da jiki daban

A nan sai mu yi hattara, kada mu haɗa abin da bai haɗu ba. Jikin ɗan Adam ba ƙazanta ba ne. Allah ya halicce shi, kuma da shi muke noma da daka da goyo.

Dubi ƴan kokowa. Tun 1975, lokacin da aka fara gasar takobi a Tawa, Kantu na Maradi ya ɗauke shi, ƴan kokowa ke shiga fili ƙirji a buɗe, cinya a buɗe. Maza da mata da yara suna kallo, har a tele. Babu mai cewa batsa ce, don kowa ya san ƙarfi aka zo gwadawa. Dubi mai jego tana shayar da jariri a gindin bishiya ranar kasuwa. Mai hankali ba ya ko ɗaga kai. Dubi samarin Fulanin Bararo a wajen Bermo da Gadabeji, in damina ta yi nisa, sun yi kwalliya sun jera suna rawar gerewol, ƴan mata suna zaɓen wanda ya fi kyau. Nuna kyau ne a fili, amma a cikin dangi, bisa ka'idar da kowa ya sani, kuma ba a yanka tikiti don wani ya tara riba.

Kuma kada mu ce kakanninmu ba su san maganar batsa ba. Ƴan gambara sun shahara da ita. Mata ma, in sun keɓe a gidan biki, suna da waƙoƙinsu da namiji ba zai so ya ji ba. Amma kowane abu yana da wurinsa da lokacinsa da masu jinsa. Ana gamawa a watse, iska ta kwashe.

Wani misali daga Kwaddibuwa, ƙasar da ƴan'uwanmu da yawa ke zuwa bida, zai ƙara fito da maganar. Akwai wata rawa a can mai suna mapuka. Asalinta rawar gargajiya ce ta ƙauyukan kudu, kusa da garin Dabu, mata ke yin ta a bukukuwa. Da ta shigo birnin Abijan, masu kaset suka kama ta. Suka rage tufafi, suka sa na'urar ɗaukar hoto ta bar fuskar mace ta koma ƙugunta. Rawar tana nan yadda take, amma ta tashi daga wasan dangi ta koma haja.

To, ga ma'aunin da za ka riƙe. In ka ga hoto, tambayi kanka: in an cire jikin nan, me zai rage? In an rufe ƙirjin ɗan kokowa, kokowa tana nan. In an sa wa matan kilip zane da mayafi, sau da yawa babu abin da zai rage sai ƙarar ganga da wani yana ihu.

Tarko da tsaba da tsuntsu

Kowane yaron ƙauye ya san yadda ake kama kurciya. Abu uku ne: mai tarko, da tsabar da aka zuba, da tsuntsun da ya sauka. Tsaba ba ta cin riba, cinye ta ake yi. Tsuntsu ba ya cin riba, kama shi ake yi. Mai tarko kaɗai ke komawa gida da nama.

A cinikin nan, mace mai rawa ita ce tsaba. Mai kallo shi ne tsuntsu. Masu tarko kuwa su ne mai kuɗin da ya biya aka yi hoton, da mawaƙin, da kamfanin intanet.

A watan Agusta na 2019, mutanen Legas suka ga wata babbar mota mai bangon gilashi tana yawo a titi da dare. A ciki mata ne kusan tsirara suna rawa, wani mawaƙi mai suna Tekno yana watsa musu kuɗi. Ƴan sanda suka kira shi suka yi masa tambayoyi. Ya ba da haƙuri, ya ce hoton waƙa suke ɗauka. Kai da ka saba ganin motar dabbobi tana fita daga kasuwar Dakoro za ta kudu, ka auna wannan. An loda mutane a mota ana zagayawa da su don a gani. Sunan mawaƙin ya shiga jaridu ko'ina. Matan kuwa, wa ya tambayi sunansu, ko nawa aka biya su?

Ga kuma Koffi Olomide na ƙasar Kwango, wanda kaset ɗinsa ya zagaye Afirka, kuma ƴan rawarsa mata suna cikin abin da ya ɗaukaka shi. A 2016 aka ɗauki hotonsa a filin jirgin Nairobi yana kai wa ɗaya daga cikinsu hauri, hukumar Kenya ta kore shi daga ƙasar. A watan Disamba na 2021 wata kotun ɗaukaka ƙara a Faransa ta same shi da laifin tsare ƴan rawarsa huɗu a wani gida, ba su da ikon fita yadda suke so. Ta yanke masa ɗaurin talala na wata 18, ta kuma wanke shi daga tuhumar lalata da su. Masu kallon kaset suna ganin murmushi da ado. Abin da ke bayan hoton ba a nuna musu.

Abin da ya sa cinikin nan ya zama laifi ke nan. Mutum yana da suna da iyaye da tunani da gobe. In aka ajiye duk wannan gefe, aka ɗauki wani sashe na jikinsa aka rataya a bakin rumfa don a jawo masu saye, an mai da ɗan Adam kayan aiki. Ko da an biya shi, an rage masa wani abu da kuɗi ba ya mayarwa.

Mu leƙa gidajenmu

Kafin mu nuna Legas ko Amurka da yatsa, mu tsaya. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A garuruwanmu, in za a ɗora wa yarinya talla, me ake yi? A wasu gidaje sai a yi mata wanka, a sa mata kwalli da jan baki, a ɗaura mata sabon zane, a ce ta bi ta tasha ko ta majalisar samari. Kowa ya san dalili. Gyaɗar ba ta fi ta maƙwabta daɗi ba. Ana so samari su saya don mai tallar. Uwa tana can tana ƙirga kuɗin kayan ɗaki, yarinya ƴar shekara 12 ko 13 tana can tana koyon cewa murmushinta ke sayar da kaya.

Talauci ne ke sa haka, babu mai musu. Uwar ba muguwa ba ce, neman rufin asiri take. Amma dabarar ɗaya ce da ta mai kilip: a sa kyan mace a gaba don kaya su tafi. Bambancin kawai, shi yana da na'ura da miliyoyin masu kallo, ita tana da tire da kwano. Wanda ya tsine wa kilip da dare, da safe ya yi wa ƴarsa kwalliyar talla, bai gama tunani ba tukuna.

Masu cewa ai jikinta ne

Akwai masu wata magana, kuma ya kamata mu saurare su da kunnen basira. Suna cewa: matar nan babba ce, ba a ɗaure ta aka kawo ta ba. Jikinta ne, sana'arta ce, da ita take ciyar da iyayenta. Wa ya ba ku ikon hana ta?

Akwai gaskiya a ciki. Wasu matan su ne da kansu masu waƙar, su ne masu hoton, su ke karɓar kuɗin. Irin waɗannan ba za a kira su tsaba ba. Kuma mai ƙoshi bai kamata ya yi saurin zagin mai yunwa ba.

Amma ga abu uku da za a ɗora a ɗaya gefen sikeli. Na ɗaya, yarda iri biyu ce. Manomin da ya sayar da hatsinsa tun yana gona, a farashin banza, don babu abin sawa a tukunya, shi ma ya yarda. Amma kowa ya san wanda ya ci ribar yardar tasa. Yarinyar da aka ce mata ko ki rage tufafi ko a ɗauki wata, yardarta irin wannan ce.

Na biyu, hoto ba ya tsufa. Kuɗin da aka biya ta zai ƙare cikin mako. Hoton yana nan bayan shekara 10, ranar da za a zo neman aurenta, ranar da ɗanta zai shiga lakwal abokai su nuna masa. Kuma hoton ba nata ba ne, na wanda ya biya ne. Ba ta da ikon janye shi.

Na uku, abin ba ya tsayawa a kanta ita kaɗai. In wannan ya rage tufafi ya samu kasuwa, na gaba sai ya ƙara ragewa don ya wuce shi. Mawaƙiya mai murya, wadda ta ƙi bin wannan hanya, sai ta ga an bar ta a baya. Kamar kasuwar da mai algus ya yi yawa ce: mai kaya na gari shi ke shan wahala.

To, a hana mana?

Wani zai ce magani mai sauƙi ne, hukuma ta hana. Hukuma tana da aikinta, musamman wajen kare yara da hukunta masu tilasta wa mata. Amma mu duba abin da hani ya haifar a wurare dabam-dabam.

A 1990, gidan MTV ya ƙi nuna wani hoton waƙa na mawaƙiyar Amurka Madonna, don ya ga batsar ta yi yawa. Sai ta zuba hoton a kaset ta kai kasuwa. Jama'a suka yi ta rububin saye, don kowa yana son ya ga abin da aka hana. A Kwaddibuwa, hukuma ta hana nuna mapuka a tele a 1998. Kaset ɗinta ya ci gaba da yawo, har ƙasashen maƙwabta. Bayan juyin mulkin Disamba 1999 aka saki hanin. Masu tarko sun daɗe da gane cewa hani ma talla ne, kuma kyauta ake yi musu shi.

A Kano an kafa hukumar tace fina-finai a 2001. A 2007 kotu ta ɗaure Adam A. Zango wata 3 saboda kaset ɗin waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya, wanda ya fita ba tare da an tace shi ba. Wato wani lokaci hukunci yana hawa kan namiji. Amma sau da yawa mace ce ke ɗaukar kaya mafi nauyi. A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finan Hausa, MOPPAN, ta kori Rahama Sadau daga sana'ar, don ta fito a hoton waƙar wani mawaƙi mai suna ClassiQ. A hoton nan babu tsiraici. Riƙe hannu ne da runguma. Ta ba da haƙuri, amma sai a 2018 aka ba da sanarwar an yafe mata. Mawaƙin ya ci gaba da sana'arsa. Labarin korar ya kai gidajen rediyon duniya, mutanen da ba su taɓa jin waƙar ba suka tafi nemanta.

Mu a jihar Maradi muna da namu darasin, mai ɗaci. A watan Nuwamba na 2000 aka yi bikin nuna tufafin zamani na FIMA a Yamai, wanda Alphadi ya fara a 1998 a hamadar Agadas. Wasu suka ce bikin tallar tsiraici ne, suka fito zanga-zanga. A Maradi abin ya zama tarzoma. Aka farma mashaya da coci-coci, aka farma gidajen mata masu zaman kansu. Biki yana Yamai, nisan ɗaruruwan kilomita. Matan da aka farma gidajensu a Maradi ba su je bikin ba, ba su ci ko dala a cikinsa ba. Fushi ya bar masu ƙarfi, ya sauka a kan marasa gata. An ce inda katanga ta yi gajarta, nan ake tsallakawa.

Saboda haka in za a raba laifi, a raba shi yadda aka raba riba. Wanda ya ɗauki kaso babba na kuɗi, shi ya kamata ya ɗauki kaso babba na zargi.

Naka rabon a ciki

Saura mutum ɗaya da ba mu tambaya ba, shi ne ni da kai, masu kallo. Tarko ba ya aiki sai tsuntsu ya sauka. Amma mu ba tsuntsaye ba ne, Allah ya ba mu hankali. Da za a wayi gari babu mai tsayawa kan irin hotunan nan, da masu yin su sun daina kafin wata ya ƙare, don ba sadaka suke yi ba.

Malamai suna karantar da mu cewa a cikin Suratun Nur, ayar da ta umarci maza su kame idonsu ita ce ta 30, wadda ta yi magana da mata ita ce ta 31. Da maza aka fara. Amma a majalisa sai ka ji mutum ya kalli hoto tun daga farko har ƙarshe, ya maimaita, ya tura wa abokai biyar, sannan ya ce Allah wadan mata. Ya biya mai tarko sau bakwai, ya zagi tsaba sau ɗaya.

Wani zai ce kallo ba ya cutar da kowa. Ka tuna salular gidanka ba kai kaɗai ke taɓa ta ba. In ka ajiye ta, yara ke ɗauka. Yaron da ya tashi yana ganin maza a rufe suna ba da umarni, mata a buɗe ba su cewa uffan, wane darasi yake ɗauka game da ƙanwarsa da matar da zai aura? Yarinyar da ta ga irin matan da ake tafa wa, me za ta ɗauka shi ne darajarta? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma salula ma tana tanƙwarawa.

Ga abubuwan da ke hannunka, ba sai ka jira hukuma ba.

In ka kai katinka wurin mai tura waƙa, kada ka ce ya zuba duk abin da ke akwai. Faɗi sunan abin da kake so. Yanzu da ka iya karatu, kana iya duba sunayen da kanka. Mai turawa ɗan kasuwa ne, abin da ake nema shi yake tarawa.

In an turo maka hoton batsa, ko da don ka yi Allah wadai ne, kada ka tura gaba. Goge shi. Tura shi gaba aiki ne kake yi wa mai shi, ba lada.

In ka samu yaronka yana kallo, duka kaɗai ba ya magani, ɓoyewa zai koya. Zauna da shi ka tambaye shi: wa ya samu kuɗi a hoton nan? Matar nan ƴar wace ce? In ƙanwarka ce fa? Yaron da ya gane dabarar mai tarko ya fi wanda aka tsorata wuyar kamuwa.

In mawaƙi ya yi waƙa mai ma'ana, namiji ko mace, ka saurara, ka yaba, ka gayyace shi biki in da hali. Gonar da ake ba taki ita ke yin hatsi.

In kuma wata yarinya ta garinku ta faɗa cikin irin wannan, kada ku haɗu ku kashe ta da baki. Ku nemi wanda ya ɗauki hoton da wanda ya yaɗa shi. Ita kuma a ja ta a jiki, don wadda aka kora daga gida, hannun masu tarko take komawa.

Ƴan'uwa ɗaliban yaƙi da jahilci, in kun haɗu a aji ko a gindin bishiya, ku karanta wannan tare, ku yi muhawara a kan tambayoyin nan uku. Shin mai kallo da mai yin hoto laifinsu ɗaya ne, ko akwai wanda ya fi? Shin kwalliyar talla da ake yi wa ƴan mata a garinku tana da bambanci da abin da muka faɗa? Wace waƙa kuka sani da ta yi suna da murya da azanci kaɗai? Ku bar mata su faɗi nasu, don maganar ta fi shafarsu. Wanda ya iya rubutu ya rubuta abin da kuka tsayar, ku ba malaminku ya aiko mana. Allah ya sa mu dace.